Farashin Tiya, Haraji da Hannun Hukuma

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, tun daren da aka ga wata, tambayoyin da suka fi zo mana ba na alwala ba ne, ba kuma na abin da ke karya azumi ba. Na kasuwa ne. Magidanci ya aiko yana cewa: me ya hana hukuma ta yanke wa sukari da shinkafa da mai farashi, ta hukunta duk wanda ya ƙetare? Ɗan kasuwa kuma ya aiko yana cewa: da wane dalili na shari'a za a shigo shagona a ce ga yadda zan sayar da abin da na saya da kuɗina, bayan an karɓi haraji a kansa tun daga bakin iyaka? Su biyun nan sahu ɗaya suke tsayawa a sallar asham, wataƙila ma kafaɗunsu na gogar juna, kuma kowanne yana ganin shi ne aka zalunta. Ba za mu amsa da fushin ɗayansu ba. Za mu bi mas'alar sannu a hankali yadda malamai suka bi ta, muna auna ta da abin da muka gani da idonmu a wannan ƙasa tamu ta Nijar.

Tushen maganar yana Madina. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa kaya sun yi tsada a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai mutane suka zo suka roƙe shi ya yanke musu farashi. Bai yanke ba. Ya sanar da su cewa hawa da saukar farashi, da ƙunci da yalwa, duka a hannun Allah suke, kuma fatansa ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Hadisin yana wajen Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah, kuma shi ne madogarar mafi yawan malamai wajen cewa asali shi ne a bar mai saye da mai sayarwa su daidaita da yardar juna.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata mu yi kafin mu ɗauki hadisin mu kafa shi a ƙofar shago: wace irin tsada ce aka yi a Madina ranar? Malamai irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun tsaya a nan. Madina garin dabino ne. Alkamarta da manta mafi yawa ayari ke kawo su daga nesa, musamman daga Sham. Idan kaya sun yi ƙaranci ko masu nema sun yi yawa, farashi ya hau ba tare da makircin kowa ba, to wanda ya tilasta wa mai kaya ya sayar da hasara ya zalunce shi. Kuma zaluncin ba zai tsaya kansa ba, domin ayari na gaba zai juya akalar raƙumansa zuwa wani gari, mutanen Madina su tashi da farashi mai sauƙi a baki, kasuwa kuwa fayau.

Wannan irin tsada mun san ta. Mun san ta fari da ta fara, wadda babu hannun ɗan Adam a cikinta. Mun kuma san wadda mutane ne suka jawo ta, amma ba mai shagon unguwarmu ba. Dattawa ba su manta 12 ga Janairun 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa ɗaya da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Mutane suka kwana da kuɗinsu a aljihu, suka wayi gari rabin ƙarfinsa a kasuwar waje ya tafi. Na kusa kuma yara ma sun gan shi. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sanya takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya, wadda kayan tashar jirgin ruwa ta Kwatano ke bi, ta ci gaba da zama a rufe. Shinkafa da mai da sukari suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, manyan motoci su yi makonni suna jiran a haɗa ayari. Kowane dare da mota ta kwana a hanya yana da kuɗinsa: na direba, na yaran mota, na mai motar da ya ranci kuɗi ya saye ta. Duk wannan a kan buhu yake sauka. Wanda ya je ya kama wuyan mai tebur a Katako ko a kasuwar Dole yana cewa shi ya tsadar da shinkafa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu mutanen kudu muna da wani ƙarin da ba kowa ke lura da shi ba, wato naira. Ranar da ta faɗi, kayan Kano da Katsina sun yi mana sauƙi, amma makiyayin da ya kai bijiminsa Jibiya ko Mai'aduwa ko Illela ya dawo da kuɗin da bai kai na bara ba idan ya canja. Abin da ya faranta wa wani a Maraɗi, shi ya baƙanta wa wani a Dakwaro.

To, shin wannan yana nufin hukuma ta naɗe hannu ke nan? A'a. Mazhabarmu ta Malikiyya ma tana cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a nan. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya iske Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa da farashin da ya saɓa wa na jama'a, ya ba shi zaɓi ko ya daidaita ko ya ɗauke kayansa. Imamu Shafi'i ya rawaito ƙarin cewa daga baya Umar ya bi shi har gida ya ce masa maganar ba umurni ba ce, alheri ya nufa ga mutanen gari, ya sayar yadda ya so. Ku dubi abu biyu: shugaba ne da ke taka kasuwa da ƙafarsa, kuma shugaba ne da ke jin tsoron dukiyar mutum ɗaya har ya hana kansa sukuni.

Ashhabu ya rawaito cewa an tambayi Imamu Malik game da mai kula da kasuwa da ke yanke wa mahauta farashin nama. Ya ga babu laifi idan an yanke gwargwadon yadda suka sayo dabbobin, amma ya bayyana tsoronsa kada su tashi su bar kasuwar. Wannan tsoron shi ne zuciyar mas'alar baki ɗaya. Sannan Ibn Habib, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya shimfiɗa yadda ake yi, Imamul Baji ya naƙalto daga gare shi cikin sharhinsa na Muwaɗɗa. Shugaba zai tara manyan masu sayar da wannan kaya, ya kuma gayyato wasu da suka san harkar amma ba su da riba a ciki, don a tabbatar da gaskiyar na farko. Ya tambaye su nawa suke saye, nawa suke sayarwa. Sannan a yi ta ja-in-ja har a tsaya kan farashin da ya bar musu ribar da za ta riƙe su, bai kuma cuci talakawa ba, kuma su yarda da shi. Malaman sun ce idan aka yanke ba da yardarsu ba, a kan abin da babu riba, ƙarshensa ɓoye abinci ne da lalacewar dukiyar mutane. Sun kuma ware wanda ya ɗauko kaya daga nesa ya kawo gari, suka ce shi ba a yanke masa, don kada a kashe masa gwiwar kawowa.

Saboda haka idan muka ji ma'aikatar kasuwanci ta zauna da manyan ƴan kasuwa gab da azumi, aka fito da farashin da ba za a wuce ba, asalin wannan zama yana da gurbi a fiƙihunmu. Abin dubawa shi ne: an zauna da masu gaskiya? An ji ta bakin ƙaramin mai shago na Tasawa da Madawa da Magarya, wanda kuɗin mota ya hau kansa bayan farashin Yamai? An binciki takardun sayen, ko an karɓi maganar baki kawai?

Yanzu mu juya ga ƴan'uwanmu ƴan kasuwa, kada su ce mun wanke su sarai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai tsadar da hannu ke ƙerawa, kuma shari'a ta ba ta suna: ihtikari, wato ɓoye kaya. Muslim ya rawaito daga Ma'amaru ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya siffanta mai ɓoye kaya da mai saɓo. Amma mu fahimci waye shi, don mutane suna jefa wannan kalma a kan kowa. Manomin da ya zuba hatsin gonarsa a rumbu ba shi ba ne. Magidancin da ya tanadi cimakar shekara ga iyalinsa ba shi ba ne. Annabi da kansa ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Wanda ya saya da kaka lokacin da hatsi ya yi yawa har manoma na neman mai saye, ya ajiye don ya fito da shi da bazara, shi ma malamai ba su hana shi ba muddin sayensa bai ƙuntata wa kasuwa ba, har ma yana da amfani, domin shi ne rumbun gari ranar da rumbunan ƙauye suka ƙare. Ma'aunin Imamu Malik shi ne cutarwa, kuma bai taƙaita shi ga abinci ba: duk abin da ɓoye shi ke cutar da mutane ya shiga.

Mai ɓoye kaya shi ne wanda ya ga mutane sun shiga matsi, ya shiga kasuwa da ƙarfin jarinsa ya kwashe abin da ke akwai, ya kulle sito, yana ƙirga kwanaki har tiya ta kai inda ransa ke so. Shi ne kuma mutum huɗu ko biyar da ke riƙe da shigo da wani kaya, su haɗa baki ta waya daren ganin wata. A kan irin waɗannan hannun hukuma ya halatta, ya ma wajaba. Yahaya ɗan Umar, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 289 bayan hijira, ya rubuta ɗaya daga cikin littattafai mafi daɗewa kan hukunce-hukuncen kasuwa. Ra'ayinsa game da masu ɓoye abinci idan sun cutar shi ne a sayar da kayan, a mayar musu da uwar kuɗinsu, ribar kuma a yi sadaka da ita don horo. Ba a ƙwace dukiyar ba, ba a kuma bar su su ci gajiyar yunwar mutane ba.

Ƙananan hanyoyin ma suna nan, kuma su ne suka fi yawa a tsakaninmu. Akwai mai tare baƙauye a bakin gari ranar kasuwa, ya saye masa jakar wake tun bai ji farashin ranar ba; Annabi ya hana tarbar masu kawo kaya kafin su isa kasuwa. Akwai mai tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, ko wadda aka bubbuga gindinta ya shige ciki. Sura guda Allah ya buɗe da narko a kan masu tauye mudu. Akwai kuma bashin nan na damina da mutanenmu suka raɗa wa suna a-ci-ba-daɗi, inda mai wadata zai ba manomi hatsi kaɗan lokacin noma, ya karɓi ninki da kaka. Suna ya isa bayani.

Mu zo ga haraji, wanda shi ne ɓangaren da aka fi jin nauyin faɗa. Hukuma ba baƙuwa ba ce a cikin farashi. Tana ciki tun kafin kaya su iso shago. Akwai kuɗin duwan a bakin iyaka, akwai harajin nan da ake kira TVA wanda a ƙasarmu babban ma'auninsa kashi 19 cikin 100 ne, akwai patanti, akwai tikitin kasuwa na magajin gari. Lissafin mai sauƙi ne: kayan jika 10, idan TVA cikakkiya ta hau kansu, sun zama jika 11 da sefa 900. Ɗan kasuwa ne ke miƙa kuɗin, amma ba shi ke biya ba. Mai saye na ƙarshe ke biya. Ibn Khaldun ya faɗi wannan fiye da shekara 600 da suka wuce, cewa fatake suna zuba duk abin da aka karɓa a hannunsu cikin farashi. Shi ne kuma ya lura cewa daula a farkonta tana sa haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta ta sa da yawa ta tara kaɗan, domin mutane sun daina ganin amfanin wahalarsu. Abin da ya fi ciwo a harajin da ke kan abinci shi ne bai san fuska ba. Attajiri da mai ga-ruwa kuɗi ɗaya suke biya a kan kwalin sukari, alhali na farko ɗan kaɗan daga samunsa ke tafiya ciki, na biyu kuwa kusan duka.

Shari'a ta yi kashedi mai tsanani game da abin da ake kira makasu, wato karɓar dukiyar mutane a hanya ko a kasuwa ba da haƙƙi ba. A hadisin Muslim, da Annabi ya so ya nuna girman tubar matar nan Bagamidiya, sai ya auna ta da cewa za ta isa ta wanke mai karɓar makasu. Ku auna girman laifin da aka yi misali da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jahar Tawa ta yau, ya lissafa cikin Kitabul Farƙi abubuwan da ya ƙi a mulkin zamaninsa, daga ciki har da jangali da kuɗin gari da ɗibar kayan masu sayarwa a kasuwa. Kuma duk wanda ya taɓa raka motar albasa daga Galmi, ko motar dabbobi zuwa iyaka, ya san akwai kuɗin da ake bayarwa a shingayen hanya wanda babu takardarsa, bai kuma isa baitulmali ba. Wannan babu saɓani a kansa, haramun ne ga mai karɓa, kuma shi ma a kan tiyar talaka yake ƙarewa.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce duk haraji haramun ne, don haka zai bi ta daji da kayansa da dare. Manyan malamai, irin su Gazali da Shaɗibi, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu idan buƙata ta gaskiya ta taso, baitulmali kuma ya gaza: tsaron ƙasa, hanya, asibiti, makaranta. Ƙasar da ke fama da ƴan bindiga a iyakokinta ba za ta tsare kanta da iska ba. Sharuɗɗan ne masu nauyi: buƙatar ta zama ta gaske, a karɓa gwargwadonta, a raba nauyin da adalci, a kashe inda aka ce. Lokacin da Tattar suka doso Masar, Sarki Ƙuɗuz ya nemi fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirin yaƙi. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalam ya ce ya halatta, amma sai bayan baitulmali ya ƙare, sarakunan yaƙi kuma sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya da azurfa, kowa ya rage daga dokinsa sai makaminsa. Bayan haka aka fita, aka yi nasara a Ainu Jalut a shekara ta 658 bayan hijira. Ma'anar ita ce mai karɓa shi ke fara tsuke ɗamara kafin ya ce wa talaka ya tsuke. Mu ƙara da cewa haraji ba ya sauke zakka. Wanda ya biya patanti, zakkar dukiyarsa na nan a wuyansa, kuma da masu sito da manyan manoma suna fitar da ita yadda aka wajabta, da an rage yawan masu zuwa ƙofar hukuma.

Ƙasarmu ta ɗanɗani darasin haraji kan abinci a 2005. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. A Janairun 2005, cikin wannan hali, dokar kasafin kuɗi ta ɗora TVA ta kashi 19 a kan fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da wuta. A watan Maris jama'a suka fito a Yamai da sauran manyan garuruwa ƙarƙashin ƙawancen ƙungiyoyi masu yaƙi da tsadar rayuwa, aka rufe kasuwanni aka zauna gida, aka kama shugabanninsu. A watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga fulawa da madara, ta sassauta na ruwa da wuta. A wannan shekarar ce kuma aka ga abin da ya girgiza duniya: jahar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Hatsi yana kasuwa, a buhu, ana kallonsa. Kuɗin saye ne babu.

Ku kwatanta wannan da aikin Sayyidina Umar, wanda shi ma yana cikin Muwaɗɗa. Fataken Nabaɗawa da ke kawo kaya Madina ana karɓar ushuri a hannunsu, kashi ɗaya cikin goma. Sai Umar ya rage na alkama da mai ya mayar da shi rabi, ya bar na sauran ƙwayoyi irin su wake yadda yake, kuma an bayyana dalilinsa: don a yawaita kawo abinci Madina. Bai aika a yanke musu farashi ba. Ya duba abin da ke hannunsa shi, ya sassauta. A fahimtarmu wannan shi ne tsarin da shari'a ta fi so: shugaba ya fara da abin da ya mallaka, wato harajinsa da hanyarsa da rumbunsa, kafin ya miƙa hannu ga abin da wani ya mallaka.

Batun rumbu kuwa, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da shekaru bakwai na yalwa da aka tara hatsi cikin zangarniyarsa saboda bakwai na fari. Manomin ƙasar Hausa bai buƙatar a fassara masa hikimar zangarniya, don haka yake ɗaure damminsa ya jera a rumbu ya shekara bai lalace ba. A shekarar toka, ta 18 bayan hijira, da fari ya afka wa Hijaz, Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da mutanen ƙauye da suka kwararo Madina, aka jinkirta karɓar zakkar dabbobi, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu har launinsa ya sauya.

Mu ma muna da rumbun tsimi na ƙasa. An kafa ofishin OPVN tun 1970 don wannan aiki: ya saya da kaka, ya ajiye, ya fito da shi lokacin matsi. Kun san sayarwar nan mai rahusa da aka daɗe ana yi, buhu mai kilo 100 a jika 13, wato tiya dala 65 idan buhu ya ba da tiya 40. Wannan hanya ta fi yanke farashi da takarda nesa ba kusa ba, domin ba ta tilasta wa kowa ba. Tana zuba hatsi a kasuwa ne, mai ɓoyewa ya ga kayansa za su kwana, ya buɗe sito da kansa. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Rumbun da ba a cika da kaka ba, ba zai amsa kira da bazara ba. Kuma muna faɗa wa duk wanda aka sa cikin kwamitin rabo, mai unguwa ne ko malami ko ma'aikaci: buhun da ka karkatar ka sayar wa ɗan kasuwa ya koma kasuwa da farashin tsada, dukiyar jama'a ce ka ci, kuma masu ita suna da yawan da ba za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya neman yafiya ba. Haka mai wadatar da ya tura yaransa biyar su shiga layi da sunaye dabam-dabam.

A 2024 hukuma ta ɗauki matakai da dama. A Yuli aka rage kuɗin mai, litar fetur ta koma sefa 499, gazuwal 618. Aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, aka rage na siminti. A Oktoba aka hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Duk wanda aka sauƙaƙa wa ya gode wa Allah, ya yi wa magabata addu'a. Amma amanar ilimi ta sa mu faɗi cewa kowane irin wannan mataki fuska biyu gare shi. Hana fitar da cimaka yana sanyaya wa mai saye a birni. Manomin wake kuwa, wanda babbar kasuwarsa tun kaka da kakanni Najeriya ce, shi farashi ke faɗo wa a ka, ga bashin taki, ga auren ɗiya. Idan an rufe masa ƙofar waje, adalci shi ne a buɗe masa ta gida, rumbun ƙasa ya saya a hannunsa da farashin da zai sa ya koma gona baɗi. Shi ma talaka ne, ba don yana ƙauye muryarsa ba ta isowa gidan rediyo ba.

Man fetur ya nuna mana ɗaya fuskar. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana. Shekaru da yawa wani babban kaso na man da muke sha ba nata ba ne, na ƴan ruwa-ruwa ne da ke shigo da shi daga Najeriya a jarka. Da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, wannan mashigi ya ƙafe, kowa ya koma gidan mai, buƙata ta fi ƙarfin matata. A Maris na 2025, cikin azumi, muka ga dogayen layuka: farashi a allo mai sauƙi, famfo kuwa babu komai, ɗan kabu-kabu ya yini a layi da ƙishirwa ko ya saya a kwalba da ninki. Tsoron nan na Imamu Malik game da mahauta, shi ne muka gani da idonmu bayan shekara fiye da 1,200.

Saura mas'ala ɗaya da wani mai shago ya aiko, kuma mun san da yawa suna da irinta. Ya ce yana da sukarin da ya saya da tsohon farashi, sai kaya suka hau. Ya halatta ya sayar da sabon farashi? Ya halatta, domin da kuɗin da ya samu zai sake sarowa, kuma idan ya sayar da tsohon farashi jarinsa ne zai narke. Amma ma'aunin da ya hau da shi, da shi zai sauka: ranar da farashi ya faɗi, ko hukuma ta yafe wani haraji don a sauƙaƙa wa masu azumi, kada ya ce shi tsohon kaya gare shi har bayan salla, alhali sabo yake sayarwa. Rangwamen nan ba nasa ba ne, amana ce aka bi da ita ta hannunsa. Idan kuma an yanke farashi bayan shawara, ya ga cewa a garinsu ba ya fitar da shi saboda kuɗin mota, hanyarsa ita ce ya kai kuka ga shugabannin ƴan kasuwa da takardun sayensa a hannu, a kai maganar gaba. Ba shi da izinin ya rage awo, ko ya gauraya mai kyau da marar kyau, ko ya ce wa maƙwabcinsa babu alhali akwai a bayan kanta.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tambayoyin da suka taru kan bashin shago: wanda ya ci bashin tiya goma lokacin araha, ranar biya kuma ta yi tsada, hatsi zai mayar ko kuɗi.